Miyagun Mahaɗai a Shafukan Intanet na Hausa: Inda Ake Zaton Haɗari da Inda Yake

Takarda da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu ginawa da kula da shafukan intanet, Runjin Sambo, Sakkwato

Tsakure

Wannan takarda ta duba matsalar mahaɗan da wasu shafuka suke jefowa zuwa shafin mutum, waɗanda masu sana'ar ɗaga shafi a Google suke kira masu guba. Ta bi tarihin yadda mahaɗi ya samu daraja har ya zama abin ciniki, da matakan da Google ya ɗauka daga 2005 zuwa 2024. Hujjar takardar ita ce, yawancin mahaɗan shara da ke shigowa ƙananan shafukan Hausa ba su da wani tasiri, kuma goge su da ka yana iya cutar da shafin fiye da barin su. Haɗarin da ya cancanci kuɗinmu da lokacinmu yana cikin mahaɗan da muka saya, da waɗanda muka sayar, da waɗanda masu kutse suke dasawa a shafukan makarantu da hukumominmu.

1.0 Gabatarwa



A 'yan shekarun nan an samu matasa da dama a Sakkwato da suke cin abinci da shafukan intanet. Akwai masu shafukan labarai da Hausa, akwai masu ɗora littattafan hikaya da darussan addini, akwai masu gina wa makarantu masu zaman kansu da asibitoci da 'yan kasuwa shafuka. Ko a nan Runjin Sambo, inda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suke da yawa, da wuya ka zauna a shagon kwamfuta ba ka ji ana zancen tallar AdSense ta Google da yawan masu ziyara ba. Duk wanda ya shiga wannan harka zai zo kan tambaya guda: me ya sa Google yake sa shafin wane a sama, nawa kuma a shafi na biyar inda ba mai leƙawa?

Amsar da aka fi sayar wa mutane ita ce wai miyagun mahaɗai ne suka danne shafin. Sai a nuna musu rahoto mai jan launi, a yanka musu kuɗin wankewa. Ina ganin wannan amsa ta fi amfanar mai sayar da ita, kuma zan yi ƙoƙarin nuna dalili.

2.0 Yadda mahaɗi ya zama haja

A 1996 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki da suka sa wa suna BackRub. Manhajojin bincike na lokacin sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, abin da ya sa duk mai wayo yake cika shafinsa da kalma guda sau ɗari. Su kuwa sai suka koma ga abin da wasu suke faɗa a kan shafin. Kowane mahaɗi da ya fito daga wani wuri ya nufo shafinka shaida ce a gare ka, kuma nauyin shaidar ya danganta da nauyin wanda ya ba da ita. Wannan lissafi shi ne PageRank, wanda suka gabatar a taron masana a Birisben ta Ostareliya a 1998, shekarar da aka kafa kamfanin Google.

Mu da muka tashi a garin malamai ba baƙin wannan tunani ba ne. Mai karatun hadisi ya san cewa ruwaya tana ƙarfi ko rauni gwargwadon mazajen da ke cikin isnadinta, kuma ruwaya guda daga amintacce ta fi goma daga waɗanda ba a san su ba. Haka mahaɗi guda daga BBC Hausa ko Aminiya ya fi ɗaruruwa daga shafukan da ba mai karanta su.

Da zarar shaida ta samu farashi, sai masu shaidar zur suka fito. Aka buɗe dubban shafuka da ba su da aiki sai jefa mahaɗai, aka ƙera manhajojin da ke bin shafukan mutane suna zuba adireshi a duk gurbin da suka samu a buɗe. A watan Janairun 2005 Google da Yahoo da MSN suka amince da wata alama da ake sa wa mahaɗi, wato nofollow, wadda ke sanar da manhajar bincike cewa mai shafin bai tsaya wa wannan mahaɗi ba. Alamar ta rage wani abu, amma cinikin ya ci gaba.

Manyan kamfanoni ma sun tsoma hannu. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kantin J.C. Penney yana zuwa na ɗaya a binciken riguna da zannuwan gado da dardumai saboda dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da alaƙa da tufafi. Da Google ya yanke hukunci, kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 68 a binciken kujerun falo cikin sa'o'i kaɗan. A wancan watan dai aka kama kamfanin Overstock yana ba ɗalibai da malaman jami'o'i rangwame domin su sa mahaɗinsa a shafukan makarantunsu. Ina roƙon a riƙe wannan misali, domin yana nuna irin kwaɗayin da ake yi wa shafukan jami'a tun wancan lokaci. A Janairun 2012 kuwa Google ya hukunta shafin manhajarsa ta Chrome na kwana 60, bayan an gano an biya kuɗi an yi rubuce-rubucen tallarta da mahaɗi a ciki.

Abin lura a dukkan waɗannan shi ne, mai shafin ko wakilinsa ne ya nemo mahaɗan da kansa.

3.0 Daga Penguin zuwa SpamBrain

A ranar 24 ga Afrilun 2012 Google ya saki tsarin da ya kira Penguin, wanda ya shafi kusan kashi 3 cikin ɗari na binciken da ake yi da Ingilishi. Penguin na farko yana danne shafi gaba ɗaya in ya ga mahaɗansa na boge ne, kuma shafin ba ya farfaɗowa sai an sake sabunta tsarin, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Daga nan tsoro ya shiga. Mutane suka fara tambaya: in haka ne, ashe abokin gaba zai iya sayo mahaɗan shara dubu goma ya jefo mini domin a danne ni? Har aka samu masu aika wasiƙun barazana, ko ka biya ko mu zubo maka. Wasu masu shafukan sharar kuma suka mayar da cire mahaɗi sana'a, sai an biya su.

Domin amsa wannan kuka ne Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da shara na Google a lokacin, ya sanar da kafar Disavow a ranar 16 ga Oktoban 2012. Kafa ce da mai shafi zai miƙa jerin mahaɗan da ya barranta daga gare su, ya ce kada a lissafa masa su. Manhajar bincike ta Bing ta riga shi da 'yan watanni.

Yawancin shawarwarin da ake ba matasanmu yau sun tsaya ne a wannan zamani na 2012 zuwa 2015, alhali abubuwa sun sauya. A ranar 23 ga Satumban 2016 aka saki Penguin na huɗu, wanda ya shiga cikin ainihin tsarin binciken, yana aiki kullum. Babban sauyin shi ne ya daina danne shafin da mahaɗan shara suka nufa, ya koma zubar da darajar su mahaɗan, ya ɗauke su kamar babu su. A Satumban 2019 aka ƙaro alamomi biyu, sponsored domin mahaɗin da aka biya kuɗi, da ugc domin wanda masu ziyara suka rubuta. A Disamban 2022 aka sa SpamBrain, wata manhaja mai koyo daga misalai, ta riƙa gano shafukan da ke saye da waɗanda ke sayar da mahaɗai tana soke tasirinsu. Bing ya rufe tasa kafar barrantar a Oktoban 2023, bisa dalilin cewa tsarinsa yana iya tantancewa da kansa. Shi ma Google, a shafinsa na bayani, ya faɗa ƙarara cewa yawancin shafuka ba su da buƙatar wannan kafa, kuma yin amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba yana iya cutarwa. John Mueller, ɗaya daga cikin masu magana da yawunsa, ya sha nanata cewa batun auna gubar mahaɗi da maki abu ne da kamfanonin sayar da manhaja suka ƙirƙiro.

Akwai wani sakamako na wannan sauyi da yake ruɗa mutane. Wanda ya sayi mahaɗai ya hau sama, ranar da aka soke darajarsu zai sauko inda ya cancanta. Shi a ganinsa hukunci ne, sai ya bazama neman abin da zai goge. Ba abin da gogewa za ta dawo masa da shi, domin tsanin da ya taka ne aka janye.

4.0 Jan rahoto da ƙananan shafukan Hausa

Manhajoji irin su Semrush da Moz suna ba kowane mahaɗi maki, su ware wasu da jan launi. Ba su da hanyar ganin abin da ke cikin lissafin Google. Abin da suke yi shi ne duba alamomin da aka saba gani a shafukan shara: ƙarancin masu ziyara, rashin mahaɗai masu shigowa, zama a masauki na kyauta, gajerun rubuce-rubuce, yawan mahaɗai masu fita. Ku duba wannan jeri da kyau. Siffar yawancin shafukan Hausa na gaskiya ke nan. Shafin malamin sakandare da yake ɗora darussan nahawu a Blogger, shafin ƙungiyar marubuta a Gusau, shafin wani ɗan jarida a Maraɗi da yake rubutu lokaci-lokaci, dukansu za su iya fitowa ja, ba don sun yi laifi ba, sai don su ƙanana ne kuma da harshen da manhajar ba ta da ma'auninsa suke rubutu.

Wani matashi mai shafin labaran wasanni da Hausa ya kawo mini irin wannan rahoto a wayarsa, gilashinta a tsage, yana jan jerin da babban yatsa. "Malam, mi za ni yi? An ce sai na biya a wanke shi." Muka zauna muka riƙa buɗe adiresoshin ɗaya bayan ɗaya. Kaso mafi yawa shafuka ne na ƙasashen waje da suke kwafe hotuna da kanun labarai daga ko'ina ba tare da hannun mutum ba, sai wasu da ke jera sunayen shafukan duniya da ƙiyasin kuɗinsu. Irin waɗannan kowane shafi da ya shekara biyu yana da su. Amma a tsakiyar jan akwai shafin wata ƙungiyar magoya bayan ƙwallo a Katsina da ta yaba wani sharhinsa, da na wani ɗalibi da ya kafa hujja da rahotonsa. Waɗannan ne kaɗai shaidun gaskiya da yake da su, kuma suna cikin fayil ɗin barrantar da aka shirya masa ya miƙa wa Google. Da muka buɗe Search Console, kafar da Google yake nuna wa mai shafi halin da shafinsa yake ciki, sashen hukunci babu komai a ciki. Masu ziyara sun ragu ne saboda kakar wasanni ta ƙare, kuma labaransa na baya-bayan nan fassara ce kai tsaye daga shafukan da suka riga shi.

Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Shafin Ingilishi mai mahaɗai dubu hamsin zai iya jure asarar ɗari na kirki bisa kuskure. Shafin Hausa mai nagartattun mahaɗai goma sha biyu, in ya barranta daga takwas, ya yanke jijiyarsa da hannunsa. Duniyar intanet ta Hausa ƙarama ce, kuma al'adar sa mahaɗi ba ta kafu a cikinta ba. Mutane sun fi kwafe labari dungurungum su tura a WhatsApp da Facebook ba tare da ambaton mai shi ba, mahaɗan waɗannan kafofi kuwa ba su ɗaukar nauyi irin na shafi zuwa shafi. Saboda haka kowane mahaɗi na gaskiya da Bahaushe ya ba ɗan'uwansa abu ne mai tsada, kuma yana ba ni takaici in ga ana zubar da shi a kan maganar manhajar da ba ta iya karanta layi guda na abin da aka rubuta ba.

5.0 Lokacin da barranta ta wajaba

Ba na cewa kafar ba ta da amfani. Tana da wuri biyu. Na farko, in ma'aikacin Google ya duba shafinka da idonsa ya yanke maka hukunci kan mahaɗan boge, wanda za ka gani a rubuce a sashen hukunci na Search Console. Na biyu, in ka san a ranka cewa kai ko wanda ka ɗauka aiki kun sayi mahaɗai da yawa, irin na masu tallar dubu biyar a kan dala goma, kuma kana tsoron hukuncin yana tafe.

A irin wannan hali aikin yana da tsari. Za a sauke jerin mahaɗan daga Search Console, a haɗa da rasit da saƙonnin cinikin in suna nan, domin su ne za su nuna waɗanda aka saya. A tuntuɓi masu shafukan a nemi su cire, a adana shaidar tuntuɓar. Wanda ya ce sai an biya shi, kada a ba shi ko kwabo, a sa shi cikin jerin kawai. Fayil ɗin rubutu ne tsura mai ƙarewa da .txt, adireshi guda a kowane layi. In shafin gaba ɗayansa shara ne, sai a rubuta domain: a gaban sunansa. Ba ya wuce layi 100,000 ko megabait 2. Abu biyu suke yawan kayar da mutane: sabon fayil yana shafe tsohon ne gaba ɗaya, don haka dole a haɗa su kafin a ɗora, sannan sakamakon yakan ɗauki makonni saboda sai manhajar Google ta sake bi ta kan shafukan. Bayan haka sai a rubuta takardar neman sake duba hukunci, a faɗi abin da aka yi ba ɓoye-ɓoye, da matakin da aka ɗauka.

Sharaɗin da ba na sassautawa a kansa shi ne, kada adireshi ya shiga fayil ɗin sai mutum mai jin Hausa ya buɗe shi ya gani.

6.0 Mahaɗan da ke fita daga gidanmu

Duk mai shafin da ya ɗan samu masu ziyara ya san wasiƙar nan da ke zuwa da Ingilishi mai ladabi: muna son shafinka, za mu ba ka rubutu kyauta, mu kuma biya ka da dala, sharaɗin kawai a bar mahaɗi guda a ciki kuma kada a sa masa alamar talla. In ka bi mahaɗin, mafi yawan lokuta gidan caca ne, ko masu ba da rance da ruwa, ko masu sayar da magani ba takardar likita. Da halin da Naira take ciki, dala hamsin ba abin rainawa ba ce ga matashin da yake sayen data da kuɗin aljihunsa, kuma ban ga laifin wanda zuciyarsa ta raya masa ba. Sai dai ya san abin da yake sayarwa. Google yana da hukunci na musamman kan mahaɗan boge masu fita daga shafi, kuma tun ranar 5 ga Mayun 2024 ya fara aiki da ƙa'idar da ta hana ba da aron sunan shafi ga baƙin rubutu domin su ci albarkacin darajarsa. Bayan hukuncin kamfani akwai na jama'a. Shafin da yake ɗora tafsiri da safe, da yamma kuma ya nuna wa yaran mutane ƙofar caca, ya ci amanar masu karanta shi, ko Google ya gani ko bai gani ba. Tallar halal kuwa ba ta da matsala, a sa mata alamar sponsored a kuma gaya wa mai karatu cewa talla ce.

Mafi muni shi ne wanda ake yi ba da sanin mai shafi ba. Shafukan da sunansu ya ƙare da .edu.ng da .gov.ng suna da tsufa da mahaɗai masu nauyi, su ne kuma aka fi sakaci da su. Sau da yawa ɗan kwangila ne ya gina, aka biya shi ya tafi da kalmar sirri, shekaru suka wuce ba a sabunta komai ba. Gungun masu tallar caca, musamman masu rubutu da harshen Indonesiya, sun daɗe suna farautar irin waɗannan shafuka na jami'o'i da gwamnatoci a ƙasashe da yawa. Suna shiga ta tsohuwar WordPress, ko ta manhajar OJS da mujallun ilimi suke amfani da ita, ko ta kayan ado da ƙananan manhajojin sata da masu gini suke saukewa domin gudun biyan lasisi, waɗanda galibi da ƙofar baya a cikinsu suke zuwa. In sun shiga sai su ƙirƙiri ɗaruruwan shafuka a ɓoye. Dabararsu ita ce, in shugaban sashe ya buɗe zai ga mujallarsa lafiya lau, in manhajar Google ce ta zo sai a nuna mata tallar caca.

Gwajin ba ya cin minti biyu, kuma ina roƙon duk mai kula da shafin wata makaranta ko ma'aikata a ɗakin nan ya yi shi kafin ya kwanta yau. A rubuta site: a liƙa sunan shafin, a bar tazara, a ƙara kalmar slot ko gacor ko casino. In sakamako ya fito da baƙin harshe a ƙarƙashin sunan makarantarku, an shiga. Kafar barranta ba ta da aiki a nan ko kaɗan, domin sharar a cikin gida take. Sai an sauke shafin, an maido da tsaftataccen kwafi, an sabunta manhaja, an sauya dukkan kalmomin sirri, an kori baƙin asusun da aka buɗe, sannan a sa shafukan bogen su riƙa amsa cewa babu su har Google ya zubar da su. Kutsen laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ana iya kai rahoto ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai karɓar rahoton kutsen intanet, ko da yake masu laifin suna wata nahiya.

Asarar a nan ta wuce ta matsayi a bincike. Malami ya kwashe shekara biyu yana nazari a kan noman albasa a fadamun Rima, ya buga a mujallar sashensu, wani mai bincike a Alƙahira ko Landan ya nemo taken, sai ya tarar da tallar caca da gargaɗin cewa mai yiwuwa an yi wa shafin kutse. Da wuya ya sake dawowa, kuma da wuya ya kafa hujja da aikin. Shi ya sa nake ba hukumomin manyan makarantunmu na Sakkwato shawarar kada su sake sa hannu a kwangilar gina shafi sai an rubuta a ciki wanda zai riƙa sabunta shi da kuɗin yin hakan duk shekara, a kuma buɗe Search Console da adireshin imel na makarantar, yadda gargaɗin Google zai faɗo hannun ma'aikacin da yake bakin aiki, ba akwatin ɗan kwangilar da ya daɗe da barin gari ba.